Wane Ne Ya Cancanci Raba Gardama Kan Ƙimar Asara?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ƴan uwa, akwai wata mas'ala a gidajen shari'ar Amurka wadda ta cancanci mai hankali ya tsaya a kanta. A can, mutum yakan sa gidansa cikin inshora. Hukuncin ita inshorar, malamai sun yi bayaninsa a wani wuri. Abin da muke dubawa yau shi ne yadda ake raba gardama idan gobara ko guguwa ta rushe gidan, kamfani ya yarda zai biya, amma aka saɓa kan adadin kuɗin.

Tsarin da jihar Niyok ta kafa a 1943, wanda jihohi da yawa suka ɗauka, ya tanadi cewa kowane ɓangare zai zaɓi mai ƙimanta asara cikin kwana 20. Su biyun nan za su zaɓi na uku, mai raba gardama. In kwana 15 suka wuce ba su daidaita ba, alƙali ne zai naɗa shi. Adadin da biyu daga cikin ukun suka sa wa hannu, shi za a biya. Ashe ke nan inda na ukun ya karkata, nan magana ta ƙare.

An gindaya masa sharaɗi biyu: ya zama gwani, kuma ya zama ba shi da wata moriya cikin al'amarin. Sai dai ba a fayyace irin gwanintar ba, ga shi kuma dokar 1945 ta bar sha'anin inshora a hannun jihohi. Don haka wani alƙali yakan naɗa tsohon alƙali, wanda ya san shari'a amma bai san kuɗin rufin gida ba. Wani kuma ya naɗa magini, wanda ya san farashin katako amma bai saba auna hujjoji ba. Maƙwabta biyu da iska ɗaya ta kwashe wa rufi na iya samun sakamako daban, saboda kawai alƙalansu daban ne. Shin wannan adalci ne ko sa'a?

Shari'armu ta san wannan babi. Aya ta 95 cikin Suratul Ma'ida ta danƙa ƙimanta fansar dabbar da mai harami ya farauta ga adalai biyu, malaman Malikiyya kuma suka shardanta su zama masana wannan babin. Domin amintacce marar sani yakan yi zalunci bai sani ba, masani marar amana kuwa yana sane yake yin sa.

Mai ja zai ce: asara kala-kala ce, gidan zama daban, masana'anta daban, a bar wa alƙali ya duba wanda ya dace. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba mu ce a naɗa mutum iri ɗaya ko'ina ba. Muna cewa ma'aunin da ake zaɓensa da shi ya zama ɗaya, rubutacce, sananne ga kowa tun kafin rigima. Hatsi yakan bambanta, amma ba a canza tiya saboda fuskar mai saye.

Jihar Fulorida ta ɗan taka wannan hanya. Dokarta ta 2014 ta ba da damar ƙin mai raba gardama idan dangi ne na kusa ga wani ɓangare, ko aikin albashi ya haɗa su cikin shekara 5 da suka gabata. A 2023 kuma kotun ƙolin jihar ta yanke cewa wanda ladansa wani kaso ne na kuɗin da za a biya, ba ya cikin marasa moriya. Hausawa sun riga sun faɗa: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka, ɗan uwa, in an kira ka ƙimanta ɓarna tsakanin mutum biyu, tambayi kanka: na san abin nan kuwa? Ina da rabo a cikinsa? Da masu rigimar sun yi musayar matsayi, adadin nan zan faɗa? In ɗaya daga cikin amsoshin ta yi rauni, ka nemi uzuri, ya fi maka sauƙi ranar hisabi.

Allah ya sa mu cikin masu adalci. Allah shi ne mafi sani.