Ko Laifi Ne Mutum Ya Huta a Bakin Teku?

Daga Hunkuyi zuwa bakin teku tafiya ce ta fiye da mil 500 a mota. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma tumatirinmu ya san hanya. Kowane rani ana loda kwanduna a Hunkuyi da Kudan da Ikara, a kai su kasuwar Mile 12 a Ikko, watau Legas. Yanzu kuwa 'ya'yanmu da suka yi ilimi, suka sami babban aiki, sukan sauka a manyan otel na can, irin su Federal Palace da aka buɗe a 1960. Su aiko da hoto ta waya, ga ruwa har iyakar gani. Sai tsofaffi su kaɗa kai su ce almubazzaranci ne. Suna da hujja, gama kuɗin kwana guda a irin wannan masauki ya fi naira 70,000, watau mafi ƙanƙantar albashin wata da gwamnati ta yanka a 2024.

Duk da haka ban ga laifi ga hutun kansa ba. Ko shanun huɗa akan kwance musu karkiya da yamma. Manomin Makarfi in ya sayar da rakensa ya ɗinka babbar riga, ba mai zarginsa. Mu kuma lura, wani lokaci hassada takan sa rigar wa'azi.

Abin tambaya shi ne, me mutum yake saya da wannan kuɗi? Ba gado kaɗai ba ne, gama akwai gado mai laushi a Zariya. Ba teku ba ne kuma, gama ba wanda ya yi teku balle ya sayar. Abin da ake saya shi ne katanga. Mutum yana biya domin ya ci abinci ba mai kallonsa, ba almajiri a ƙofa, ba ɗan'uwa mai zuwa da takardar asibiti. A garinmu mai arziki yana ci a zaure, ƙofa a buɗe, wanda ya yi sallama ya sa hannu. Baƙon da dare ya yi masa ba ya biyan kuɗin shimfiɗa. Lalle wannan al'ada tana da nauyi, mai ɗauke da ita yakan gaji. Amma ita ce take hana mai samu mantawa da maras shi.

Katangar nan kuwa ba a kan fili marar mai shi aka gina ta ba. Dā akwai Bar Beach a Ikko, inda mai dako da ɗan kasuwa suke shan iska tare. Teku ya yi ta cin gaɓar har ruwa yakan hau titin Ahmadu Bello, sa'an nan aka cike wurin da yashi aka soma gina birnin masu kuɗi, Eko Atlantic. A watan Yuli na 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka ba mutanen unguwar Maroko kwana 7 su tashi, aka rushe gidajen mutane wajen 300,000. Yau manyan gine-gine ne a wurin. Baƙon da ya kwana a can ba shi ya rushe Maroko ba, bai kamata a ɗora masa wannan alhaki ba. Amma ya kamata ya san a kan me gadonsa yake tsaye.

Saboda haka ga nawa ra'ayi. Wanda ya biya 'yan ƙodagon gonarsa hakkinsu, bai bar iyayensa da yunwa ba, ya je ya huta, ya kalli teku ya yi mamaki. Wanda ya tafi alhali masu tsinkar masa tumatir suna jiran kuɗinsu, da guminsu ya kwana. Akwai kuma wani ƙaramin gwaji a bakin ƙofa. Da yawa cikin masu gadi a Ikko mutanen Arewa ne da na Nijar. In maigadi ya ji harshen baƙo ya ce masa, "Sannu da zuwa, daga wane gari?" akwai mai tsayawa ya amsa ya tambayi lafiyar iyali, akwai kuma mai ɗaga gilashin mota ya amsa da Turanci.