Shan iska a inda aka zubar da jini

Mai karatu, ga wata tambaya. A ce akwai daji kusa da garinku. A cikin dajin nan an taɓa kashe mutane bisa zalunci. Shekaru sun wuce. Yanzu ranar hutu jama'a suna zuwa wurin shan iska, da guzurinsu da yaransu. Suna tafe suna hira, suna dariya. Shin wannan ya dace, ko kuwa wulaƙanta matattu ne?

Kada ka yi saurin ba da amsa. Akwai wurin da haka ke faruwa kowane sati. Bari mu je can tukuna, mu ga yadda abin yake.

Dajin Fontenbulo

A ƙasar Faransa akwai wani gari mai suna Fontenbulo. Tsakaninsa da Pari, babban birnin ƙasar, wajen kilomita 60 ne, ta kudu maso gabas. Daji ya kewaye garin ta kowane gefe. Faɗin dajin ya fi hekta dubu 20. Akwai ƙauyuka da yawa a bakinsa.

Dajin ba iri ɗaya ba ne. Wani wuri manyan itatuwa ne masu inuwa. Wani wuri duwatsu ne jibge bisa juna. Wani wuri kuma jigawa ce mai farin rairayi, ba ta noma. Abin da ke fita a kanta wani ɗan tsiro ne da ba ya cika wuce gwiwa. Yana rufe ƙasa kamar yadda sabara ke rufe saura a wajenmu. Cikin watan Agusta yakan yi fure mai ruwan hoda, fili duka ya yi kyau.

A da, mutanen birni ba su shiga dajin nan sosai, don tsoron ɓacewa. Wanda ya buɗe musu shi wani tsohon soja ne mai suna Denekur. Ya yi yaƙi a rundunar Napoliyon, ya ji rauni. Daga baya ya zama mai gadin bariki a Fontenbulo. A 1832 aka raba shi da aikin. Sai ya shiga yawo cikin daji, har ya san shi ciki da waje. Daga 1842 ya fara share ƴan hanyoyin ƙafa. Yana ɗauke da fenti shuɗi, yana sa alama a jikin dutse da itace. Duk wanda ya bi alamar ba zai ɓace ba. Ya kuma buga ƴan littattafai masu nuna hanya, yana sayarwa. A 1849 jirgin ƙasa ya iso garin, sai mutanen Pari suka riƙa zuwa. Denekur ya rasu a 1875, amma har yau ana bin alamunsa masu shuɗi. Mutane miliyoyi ne ke shiga dajin kowace shekara.

Wataƙila ka yi mamaki. Kai kana tafiya ƙasa don dole: zuwa gona, zuwa rijiya, zuwa kasuwa. Su kuwa sun wuni sati guda a cikin ɗaki da ƙarar motoci. Tafiya cikin daji ita ce hutunsu.

Abin da ya faru a filin Shanfurwa

A 1939 yaƙin duniya na biyu ya tashi, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. Ba labarin nesa ba ne gare mu. Lokacin nan Nijar tana hannun Faransa, kuma an kwashi samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma an kai su fagen fama. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. Sojan Jamus suka zauna ƙasar shekara huɗu.

Wasu Faransawa suka ƙi miƙa wuya. Suka riƙa aiki a ɓoye. Dajin Fontenbulo ya zama mafakar waɗansunsu. Da dare jiragen saman Ingila kan sako musu makamai, su kuwa suna haska fitila daga kan tudu don jirgi ya gane wurin. Wanda aka kama, sai gidan kaso da azaba.

A yammacin dajin, kusa da ƙauyen Arbon, akwai wata jigawa da ake kira filin Shanfurwa. Ran 21 ga watan Yuli na 1944, Jamusawa suka fito da mutum 22 daga gidan kason Fontenbulo. Suka kai su filin nan, suka harbe su, suka rufe su a rami ɗaya. Ran 17 ga watan Agusta suka sake kawo mutum 14, suka yi musu haka. Jimla mutum 36 ke nan. Kwana shida bayan kisa na biyu, ran 23 ga Agusta, sojan Amurka suka shiga Fontenbulo. Kwana shida kacal ya raba mutum 14 ɗin nan da kuɓuta.

Ba a gaya wa iyalansu kome ba. Uwa tana jira, mata tana jira, ba su san ko nasu yana raye ba. Sai ran 7 ga watan Disamba na 1944, waɗansu sojan Amurka suka je filin ɗibar rairayi. Suna haƙa, suka ci karo da gawa. Da haka asiri ya tonu. Aka tono su duka, aka yi musu jana'iza ta girma a Fontenbulo.

Yau akwai dutsen tunawa a filin Shanfurwa. Kowace shekara ana taruwa a wurin. Can gaba kuma, bisa wani tudu, an kafa wata babbar alama ta dutse don tunawa da masu haska wa jirage fitila. Hanyoyin masu shan iska suna bi ta waɗannan wurare. Mai tafiya yana cikin nishaɗi, sai ya ɓullo gaban dutsen.

To, mun dawo ga tambayarmu.

Masu cewa bai dace ba

Akwai masu cewa wurin mutuwa wurin natsuwa ne. Ba a cin abinci a bakin kabari. Ba a guje-guje a inda mutum ya yi numfashinsa na ƙarshe. Suna cewa a kewaye wurin da shinge, a kauce da hanya nesa. Wanda ya zo don ziyara ya shiga da ladabi. Wanda ya zo don wasa ya nemi wani gefe, ai daji da faɗi.

Kada ka raina wannan magana, tana da nauyi. Ka sa kanka a matsayin jikan ɗaya daga cikin mutanen nan. Ka zo da baƙin ciki a zuciyarka. Ka tarar da wani ya shimfiɗa tabarma yana cin nama, ya jefar da takarda a ƙasa. Wani ya wuce a guje bai ko dubi dutsen ba. Zuciyarka za ta sosu. Kuma gaskiya ne, ba duk mai wucewa ke tsayawa ba. Da yawa tsuntsaye suka zo kallo, ko furanni, ko hawan duwatsu.

Me ya sa aka zaɓi filin?

Amma ka yi wa kanka wata tambaya. Me ya sa masu kisan suka kai mutanen nan Shanfurwa? Ga gari, ga kasuwa, ga bakin hanya. Sun bar waɗannan duka, sun nemi jigawa a tsakiyar daji. Dalili a fili yake. Sun nemi wurin da ƙafa ba ta takawa. Suna so kada ido ya gani, kada kunne ya ji. Kisa biyu suka yi niyya: su kashe mutum, su kuma kashe labarinsa.

Na farko sun same shi. Na biyu kuwa saura kaɗan su samu. In da sojan Amurka sun ɗebi rairayinsu a wani gefe, wa ya san shekarun da ramin zai yi a rufe?

Yanzu ka duba. In aka kauce da hanya, aka bar filin shiru ba kowa, burin wa aka cika? Shirun nan shi ne abin da masu kisan suka nema tun farko. Duk ƙafar da ta taka filin tana warware abin da suka ƙulla.

Kai manomi ne, ka san halin hanya. Hanyar da ba a bi, damina biyu ta isa ciyawa ta cinye ta. Ba mai riƙe hanya sai sawu. Tunawa ma haka take. Taron shekara-shekara rana ɗaya ne. Manya su zo, a yi jawabi, a watse. Waɗanda suka san mamatan ido da ido sun kusa ƙarewa. Sauran kwana 364 fa, wa ke zuwa? Masu shan iska ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tsakanin rayayyu da waɗanda suka rigaye su ma a ƙafa take.

Ga wani abu kuma. Wanda ya tashi takanas don ziyara, ya riga ya san labarin. Dutsen bai ƙara masa sani ba. Wanda dutsen ke wa amfani shi ne wanda bai zo dominsa ba. Yaro yana biye da ubansa, ya ga dutse tsaye a fili. Ya ce: «Baba, mene ne wannan?» Uban ya tsaya, ya duba, ya ba shi amsa. A ranar an sami sabon mutum da ya san abin da ya faru. Shinge ba ya kawo wannan. Hanya ke kawo shi.

Dariyar yara kuma fa? Ka tuna abin da mutanen nan suka tsaya a kai. Sun so ƙasarsu ta zama wurin da mutum zai fita gidansa ba tsoro, ya je inda ya ga dama, ya komo lafiya. Yaron da ke gudu cikin furanni a Shanfurwa, ba soja, ba bindiga, yana cin amfanin abin da suka shuka ne. Wanda ya dasa itace ba ya jin haushin mai shan inuwarsa.

Dutsen ba ya hura gaba?

Wani zai ce: to, ba gara a manta ba? Tuna ɓarna yana tayar da ƙiyayya. Yaro ya ji Jamusawa sun kashe nasu, ya tashi da ƙullin zuciya.

Wannan tsoro yana da dalili. Faransa da Jamus sun gwabza a 1870, sun sake a 1914, sun sake a 1939. Kowane yaƙi ya bar gaba, gabar ta taimaka wajen haifar da na bayansa. Amma a 1963 shugabannin ƙasashen biyu, Janar Dagol da Adenawa, suka sa hannu a kan yarjejeniyar abota. Ba a tumɓuke duwatsun tunawa ba kafin a shirya. An shirya suna tsaye. Yau Jamusawa suna cikin baƙin da ke zuwa dajin Fontenbulo hawan duwatsu, ba mai hana su.

Abin lura shi ne yadda ake ba da labarin. Uba yana iya ce wa ɗansa: «Ga abin da mutanen wancan ƙasa suka yi mana.» Yana kuma iya cewa: «Ga abin da mutum ke yi wa ɗan'uwansa in ya sami iko ba mai tsawata masa.» Magana ta farko tana rainon gaba. Ta biyu tana rainon hankali. Dutse ba ya magana, bakin mai tafiya yake ara.

Abin da ke wuyan mai tafiya

Saboda haka ga inda maganar ta tsaya. Hanya ta bi ta wurin, wannan daidai ne. Amma masu ƙorafi ma a ba su nasu haƙƙi. Wanda aka buɗe wa hanya, akwai bashi a kansa. Bashin ba shi da yawa. In ya iso gaban dutsen, ya rage murya. Ya ɗan tsaya. Ya duba abin da aka rubuta. In da yaro tare da shi, ya gaya masa gaskiya. Ya kai tabarmarsa da abincinsa can gaba. Kada ya bar shara. Bayan haka ya ci gaba da tafiyarsa, ya sha iskarsa, ba laifi. Waiwaye adon tafiya ne, ba ya hana ta.

Mai karatu, kowace ƙasa tana da irin wannan wuri. Wataƙila kusa da ku akwai kufai da yaƙi ya tashe shi, ko wani fako da mutane suka faɗi a shekarar yunwa. Ba dutse, ba alama, sai wani tsoho ɗaya ko biyu da suka san wurin. Ka tambaye su tun suna nan. Ka ce su nuna maka hanya. Sa'an nan wata rana, in an gama aikin gona, ka kama hannun ɗanka ku taka zuwa can.