Ƙungiyar Wa Ce: Ta Mai Kuɗi Ko Ta Mutanen Gari?

A shekarar 2010, masu wata ƙungiyar wasa a Amurka suka tattara ta daga garin Johnstown na jihar Pensilvaniya, suka kai ta birnin Greenville a jihar Karolina ta Kudu. Ba su karya wata doka ba. Ƙungiyar tasu ce, da kuɗinsu suka mallake ta, kuma asara suke tafkawa. Duk da haka mutanen Johnstown sun ji kamar an shiga gidansu an ɗauke musu wani abu. To, in mutum ya ɗauki kayansa ya ƙara gaba, me ya sa wani zai ji an yi masa ƙwace? Ko dai kayan ba nasa ba ne shi kaɗai?

Wasan da ake magana a kai shi ne hokin ƙanƙara, wanda yawancinmu a talabijin ko a waya kawai muka taɓa ganinsa. Ana yin sa ne a cikin rufaffen zaure, a kan daɓen ƙanƙara da injina ke daskararwa. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare, har da mai tsaron raga. Suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi a guje, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna masu lanƙwasa. Babbar gasar wannan wasa a Amurka da Kanada ita ce NHL. A ƙarƙashinta akwai ƙananan gasanni na ƙwararru, inda albashi bai taka kara ya karya ba, kuma tafiye-tafiye a bas ake yi. A wannan ƙaramin mataki Johnstown ta yi zamanta.

Garin yana cikin wani kwari, kimanin kilomita 100 gabas da Pittsburgh, kuma ƙarfe ne ya gina shi. Ruwa kuwa ya sha cin sa. Ranar 31 ga Mayu, 1889, madatsar South Fork ta ɓalle, ambaliya ta kashe fiye da mutum 2,200. An sake yin wata a 1936. Mutanen garin suka share laka suka ci gaba da narka ƙarfe. A 1950 aka buɗe zauren wasa na gundumar Cambria, wanda aka gina don tunawa da waɗanda suka yi yaƙi, mai ɗaukar 'yan kallo wajen 4,000. A shekarar ne ƙungiyar Johnstown Jets ta fara wasa a cikinsa.

Jets ta yi shekara 27 a garin. Ta ci kofin gasarta sau uku a jere, a 1960 da 1961 da 1962, ta kuma ci wani a 1975. Daga rayuwar 'yan wasanta ne Nancy Dowd, wadda ɗan'uwanta Ned Dowd yake buga wa ƙungiyar, ta rubuta labarin fim ɗin Slap Shot, wanda Paul Newman ya ja ragamarsa, aka kuma ɗauke shi a Johnstown. Labarin fim ɗin na wata ƙungiya ce mai suna Charlestown Chiefs, a garin da masana'antar ƙarfensa ke shirin rufewa. Kocinta ya yi ta fafutukar ceto ta, har ya baza jita-jitar cewa wasu daga Fulorida za su saye ta. Daga ƙarshe ya gano cewa mai ƙungiyar ta gwammace ta rusa ta don samun sassaucin haraji, ko da kuwa tana cin wasanni.

Fim ɗin ya fito a farkon 1977. A watan Yulin shekarar ambaliya ta uku ta afka wa garin, ta kashe fiye da mutum 80, ta lalata injinan daskarar da ƙanƙara na zauren. Jets ba ta sake tashi ba. An gwada kafa wasu ƙungiyoyi a ƙarshen shekarun 1970, ba su yi ƙarko ba. Sai a 1988 aka samu wadda ta zauna da gindinta, aka kuma raɗa mata sunan ƙungiyar cikin fim: Johnstown Chiefs. Tana cikin ƙungiyoyi biyar da suka kafa gasar ECHL, wadda take mataki biyu ƙasa da NHL. Steve Carlson, tsohon ɗan wasan Jets wanda ya fito a fim ɗin, ya horar da ita a shekarunta na farko. A 1989 ta kai zagayen ƙarshe na neman kofi, Carolina Thunderbirds ta doke ta a wasa na bakwai. Ba ta taɓa cin kofin ba. Ta dai yi kaka 22 a gasar, har ta zama ita kaɗai cikin biyar ɗin nan da ta rage a garinta na asali.

Amma garin yana ta ramewa a ƙarƙashinta. Kamfanin Bethlehem Steel ya rufe ayyukansa na Johnstown a 1992. Garin da yake da mutum fiye da 67,000 a 1920 ya koma kusan 21,000 a 2010. Kujeru suka riƙa zama wayam. A Greenville kuwa akwai zauren da ya ninka na Johnstown fiye da sau uku. Sai ƙaryar da kocin cikin fim ya shirga ta zama gaskiya ta wata fuskar: ƙungiyar ta yi kudu. Aka sauya mata suna zuwa Road Warriors, a 2015 kuma aka sake mayar da ita Swamp Rabbits.

Kafin mu yanke hukunci a kan wa ya mallaki ƙungiya, sai mun san mece ce ƙungiyar. Tsohon marubucin Girka, Fulutak, ya kawo labarin jirgin ruwan Tisiyas da mutanen Atina suka adana. Duk katakon da ya ruɓe sai a cire a sa sabo, har masana suka shiga gardama: jirgin nan shi ne na da, ko wani ne daban? Ƙaramar ƙungiyar wasa ta fi wannan jirgi saurin sauya katako. A ƙaramar gasa, duk ɗan wasan da ya yi fice sama ake kiransa, wanda ya gaza kuma a sallame shi. Koci yana zuwa yana tafiya. Masu ƙungiya suna sayarwa. Suna ma yana sauyawa, tunda mun ga Jets ta mutu Chiefs ta gaje ta. Idan muka bi tarihin daga 1950 zuwa 2010 muna neman abin da bai gushe ba, abu biyu kaɗai za mu samu: zauren, da mutanen da ke zuwa su zauna a cikinsa. Zauren kuwa na gunduma ne, wato na jama'a.

A takarda, Swamp Rabbits ita ce Chiefs, domin lasisin shiga gasar ɗaya ne bai yanke ba. Sai dai da wuya a samu ɗan Johnstown da zai ce tasa ce, kamar yadda da wuya yaron Greenville ya ji zafin kayen 1989. Jets da Chiefs kuwa kamfanoni biyu ne da babu takardar da ta haɗa su, amma dattijon da mahaifinsa ya kai shi kallon Jets, shi kuma ya kai jikarsa kallon Chiefs, abu ɗaya yake gani. Ashe abin da ke sa ƙungiya ta zama ita ce ta jiya yana zaune ne a wajen masu kallo.

Daga nan hujjarmu ta taso. Wanda ya sayi ƙungiya ya sayi lasisi da riguna da kwantiragin 'yan wasa. Abin da ya ba waɗannan kaya daraja shi ne cewa akwai dubban mutane da za su fito cikin sanyin hunturu su biya kuɗin tikiti, ko ƙungiyar tana ci ko ana cin ta. Wannan ɗabi'a an yi shekaru ana gina ta, kuma ba mai ƙungiya ne ya gina ta ba. Bai biya kowa kuɗinta ba, amma ita yake sayarwa ga masu talla, ita kuma yake kira a duk lokacin da ya ce wa jama'a su zo su mara wa "ƙungiyarsu" baya. Wanda ya yi shekaru yana ce wa mutane "taku ce" yana karɓar kuɗinsu a kan haka, ba shi da bakin cewa "tawa ce ni kaɗai" ranar da zai tafi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsa ba ta wasa ba ce. Zai ce soyayya ba ta biyan kuɗin wutar da ke daskarar da ƙanƙara, ba ta sayen man bas. Zai ce da mutanen gari suna son ƙungiyar kamar yadda suke faɗa, da kujeru ba su zauna wayam ba. Zai ƙara da cewa in aka ɗaure mai zuba jari da gari har abada, ba wanda zai yarda ya kawo ƙungiya ƙaramin gari tun farko. Duk wannan gaskiya ne. Ba za a tilasta wa mutum ya yi ta zubar da dukiyarsa don wasu su ji daɗin daren Asabar ba. Sai dai maganar kujeru tana buƙatar gyara. Mutanen Johnstown ba juya wa ƙungiya baya suka yi ba, raguwa suka yi. Waɗanda za su cika kujerun sun bi aiki zuwa wasu garuruwa bayan an kashe wutar masana'anta. Garin da kamfani ya bari saboda lissafi, shi ne ƙungiya ta bari saboda lissafi iri ɗaya, kuma ciwo na biyu ya fama na farko.

Saboda haka matsayinmu a tsakiya yake, amma ba na kame-kame ba. Mai ƙungiya yana da 'yancin daina asara. Abin da ba shi da shi shi ne 'yancin tafiya kamar ba ya riƙe da amanar kowa. Muna ganin bashi uku ne a wuyansa. Na farko, gaskiya a kan lokaci: ya buɗe wa jama'a lissafinsa tun da sauran damar gyara, kada ya sayar da tikitin baɗi alhali ya riga ya ɗaure kaya. Na biyu, ya fara tallata wa mutanen gari kafin baƙo, kamar yadda mai mutunci ba ya sayar da gona sai ya ji ta bakin maƙwabcin da suka haɗa iyaka. Na uku, in tafiyar ta zama dole, ya ɗauki lasisinsa ya bar suna da launi da tarihi a inda aka haife su.

Wannan ba mafarki ba ne, an taɓa yi. Lokacin da mai ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Cleveland Browns ya kwashe 'yan wasansa zuwa Baltimore a 1996, an yi yarjejeniya suna da launi da tarihi suka tsaya a Cleveland, har ƙungiyar ta dawo fili a 1999. A Ingila, da aka amince a ɗauke ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wimbledon daga kudancin Landan zuwa Milton Keynes, magoya bayanta sun kafa tasu, AFC Wimbledon, a 2002, suka faro daga can ƙasa. A 2007 ƙungiyar da ta ƙaura ta mayar wa ƙaramar hukumar Merton kayan tarihin tsohuwar Wimbledon. A Jamus kuma akwai ƙa'idar 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya, in ban da wasu 'yan tsiraru da aka keɓe.

Sai dai hujjar nan takobi ce mai kaifi biyu. In jama'a suna da rabo a ƙungiya, to suna da rabo a nauyinta. Ba daidai ba ne mu ce "tamu ce" ranar ɗaga kofi, mu ce "tasa ce" ranar biyan albashi. Mutanen Green Bay a jihar Wisconsin sun gane haka tun 1923, lokacin da suka mayar da ƙungiyarsu ta Packers mallakar jama'a ta hanyar sayen hannun jarin da ba ya kawo riba. Garin ƙarami ne, amma har yau ƙungiyar tana nan, domin babu wani mutum ɗaya da zai iya ɗaukar ta. Mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa, in ji Hausawa, kuma mai son ƙungiya ta zauna shi ke sa hannu a aljihu tun kafin a fara ɗaure kaya.

Abin da ya biyo baya a Johnstown ya nuna inda ran ƙungiyar yake. Bayan tafiyar Chiefs, abokiyar hamayyarta Wheeling Nailers ta riƙa buga wasu daga cikin wasanninta na gida a zauren. Ita Nailers ɗin kuwa, a takarda, ita ce Carolina Thunderbirds da ta hana su kofi a 1989, ta yi ƙaura ta sauya suna. A 2012 aka kawo Johnstown Tomahawks, ƙungiyar matasa masu neman hanyar shiga jami'a ko zama ƙwararru, mutane suka koma kujerunsu. A 2015 garin ya lashe gasar Kraft Hockeyville ta farko a Amurka, wadda ake ci da ƙuri'ar jama'a. Ya samu dala 150,000 don gyaran zauren, aka kuma kawo masa wasan share fage na NHL tsakanin Pittsburgh Penguins da Tampa Bay Lightning. Garin da aka ce ba zai iya riƙe ƙungiyar mataki na uku ba, shi ne ƙuri'a ta zaɓa a matsayin garin hoki na ƙasar.

Wannan bai wanke ciwon ba. Ƙungiyar matasa ba ta ƙwararru ba ce, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanen garin sun ƙara raguwa zuwa wajen 18,000. Amma ya raba mana abu biyu da muka saba cakuɗawa. Akwai abin da kuɗi ke saye, a loda shi a mota a kai shi Greenville. Akwai kuma abin da mutane suka tara da zuwansu shekara bayan shekara, wanda mai kuɗi yake ci daga gare shi muddin yana gari, kuma ba ya shiga mota. Duk wanda ya riƙe wani abu da jama'a suka raya da ƙafarsu, ƙungiya ce ko makaranta ko jarida, yana da haƙƙin rufe littafin lissafinsa in ya gaji. Kafin ya rufe, sai ya tuna cewa wani kaso na jarin da ya yi kasuwanci da shi aro aka ba shi, kuma masu shi suna nan zaune a kan kujeru.