Kwalabe Goma Sha Shida

A tsakar gidanmu na Tudun Wadan Zariya akwai wata tsohuwar bishiyar mangwaro da ta girme ni, ta girmi yayyena. 'Ya'yanta manya ne masu nama, ba su da zare sosai, idan suka ƙosa har sai an tokare reshe da gwafa. Da bazara ta kama, ba a kwana ba a ji tim a kan kwanon ɗakin Goggo ba. Da safe mu tsince, mu sha, mu ba almajirai, sauran ƙudaje su gaje.

Goggo, yayar mahaifinmu, ita ce ba ta iya kallon wannan asara. A shekarun 1970, lokacin da makarantun sakandaren Arewa ke cike da malamai 'yan Indiya da Pakistan, ta yi aiki a gidan wani malamin kimiyya Ba'indiye. Matarsa ce ta koya mata dafa mangwaro da sukari da yaji da ruwan khal har ya zama wata miya mai kauri da ake ajiyewa a kwalba. Can ƙasarsu, yankin da mangwaro ya samo asali, catni suke ce masa. Da darajar naira ta fara zubewa daga 1986, yawancin malaman nan suka tattara suka koma gida, amma girkin ya zauna a hannun Goggo. Ta kuma ja shi zuwa bakinmu: attarugu ya maye gurbin busasshen barkononsu, citta ta ƙaru, kanumfari ya shigo. Matan unguwa ba su damu da sunan Indiya ba, dangwale suka raɗa masa, domin da shi ake dangwala ƙosai da soyayyar doya da dankali.

Azumin 1991 ya kama a tsakiyar Maris ya kai tsakiyar Afrilu, daidai ganiyar zafi da ganiyar mangwaro. Shekarata 15. Goggo kan yi dahuwa sau biyu a mako, mangwaro 20, kwalba 10, ba ta ƙarawa ko da layi ya kai bakin titi. Ni ke kaiwa gida-gida, ladana kuma kuɗin kwalba ɗaya a kowace dahuwa.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a dangin mijinta na Maƙarfi. Da za ta tafi ta'aziyya, ta auna min sukari gwangwanin madara 12, ruwan khal gwangwani 8, ta jera min kwalabe goma a kan tire.

"Auta, kin sha gani. Mangwaro ashirin, kwalba goma. Kada ki bar mutane su buɗa baki da ƙosai gaya."

A makon nan ne ƙawayena suka fitar da ankon atamfar salla. Na kwana ina lissafi, na juya shi ta kowace fuska, ladana bai kai rabin kuɗin ba. Da asuba na fito, sai ga mangwaro zube a gindin bishiya, wasu sun fashe, wasu sun yi baƙin tabo, wasu jemage ya ɗanɗana ya bari. Zuciyata ta ce: ai wuta za su shiga, kuma sukari zai rufe komai.

Na tsinci goma sha biyu, na yanke inda ya yi baƙi, na haɗa da ashirin ɗin da na tsinko a sama. Sukari da khal ba su ƙaru ba, sai na cike da ruwan randa. Da na ga tukunya ta fara ja baya, kwalabena suna tafiya cikin tururi, na yi maza na sauke. Na samo ƙarin kwalabe shida wajen mai sayen kwalba, na ɗauraye su kawai na zuba. Goma sha shida cif.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, ya yi kyau. Launinsa ya fi na Goggo haske, ya fi saurin zuba a faranti, ɗanɗano kuwa ba ka cewa komai. Kafin magariba na sayar da su kaf, na ƙulle kuɗin kwalba shida a bakin zanena.

Goggo ta dawo da tsarabar mazarƙwaila, na miƙa mata kuɗin goma, ta sa min albarka. Wannan albarka ta tsaya min a wuya, amma na haɗiye.

Rana ta biyar, bayan la'asar, almajirin gidan Liman ya yi sallama riƙe da wani abu naɗe a tsumma.

"Iya ta ce a gaida Goggo, wai a duba mata wannan."

Goggo ta warware. Murfin kwalbar ya kumbura ya yi tozo. Tana murɗawa ya yi fuuus, kumfa ta taso ta gangaro mata a yatsu. Ta kai hanci, ta kawar da kai da sauri tana a'uziyya. Ni ma daga inda nake tsaye warin ya iso ni. Warin giya ne. A watan azumi, daga hannunmu, zuwa gidan Liman.

Daga baya na fahimci abin da ya faru a cikin kwalbar. Mangwaron da ya fashe a ƙasa cike yake da ƙwayoyin yis da na ruɓa, kwalbar da ba a tafasa ba ita ma haka. Abu uku ke hana su motsi: yawan sukari da ke janye musu ruwa, tsamin khal, da doguwar dahuwa. Ni kuwa na tsinka biyun farko da ruwa, na gajarta ta ukun. Sai yis ya sami zaƙi da ruwa da zafin Afrilu da kan kusanci digiri 40, ya kama cin sukari yana fitar da iska da barasa. Iskar ce ta kumbura murfin.

Goggo ta sallami yaron, ta wanke hannu, ta zauna a kan turmi.

"Auta, kwalba nawa kika fitar?"

"Goma sha shida, Goggo."

"Da sukarin goma?"

Na sunkuyar da kai. Na so ta dake ni, da an wuce wurin. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko daro da kuɗin da na ba ta, ta ce in kwanto na bakin zanena in haɗa.

"Ɗauki mayafinki. Gida goma sha shida. Ki karɓo kwalba, ki mayar da kuɗi, kuma ki faɗi abin da kika yi da bakinki. Kada in ji kin ce zafi ne ya ɓata shi."

"Goggo, ko a aiki yara su karɓo?"

"Yara ne suka yi algus ɗin?"

Tana biye da ni da carbinta, amma ba ta shiga gida ko ɗaya ba, a zaure take tsayawa. Gidan Liman muka fara. Na durƙusa gaban Iya, maganar ta ƙi fita, sai da na yi ta sau uku kafin ta fito daidai: na sa ruɓaɓɓe, na ƙara ruwa, ban tafasa kwalba ba. Iya ta dube ni ta ce, "Allah ya shirya mana ku, 'yar nan. Tashi." Wasu matan sun yi dariya, wasu sun yi tsaki, wata ta ƙirga kuɗinta sau biyu a gabana, kuma tana da gaskiya.

Gida na goma sha ɗaya ne ba na mantawa. Kwalbarsu babu komai a ciki. Akwai wata tsohuwa a gidan, haƙoranta sun zube, da dangwale take samun ƙosai ya wuce mata. Jikarta ta ga ya fara kumfa, ta kwashe na sama ta ba ta sauran. Tsohuwa ta kwana tana zagayawa bayan gida, ta sha azumi biyu. Na same ta kwance a kan tabarma, ƙafafunta kamar sillen kara. Da na gama bayani ta ɗago hannu ta dafa kaina.

"Ke ce ta wajen Goggo? Ba komai, jikata. Zan rama bayan salla in Allah ya kai mu."

Ban san wannan tsohuwa ba lokacin da nake tsintar mangwaro da asuba. A lissafina babu ita, atamfa ce kawai da kwalabe. Har muka iso gida ina kuka, Goggo ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma ƙara min ko kalma ba. Muka haƙa rami a bayan ɗaki muka juye kwalabe goma sha biyar.

Na ɗauka shi ke nan, ba zan sake taɓa muciyarta ba. Washegari bayan an sauko daga asham sai ta kira ni madafa.

"Kin sha gani, amma ba ki taɓa tambaya ba. Yau ki tambaya."

Da hantsi ta riga ta sa an tsinko ashirin daga sama: goma sha biyar nunannu masu tauri, biyar ƙosassu da ba su gama nuna ba. Na tambayi dalilin biyar ɗin. Ta ce su ke kawo tsami, su ke sa miya ta kama jikinta, nunanne zalla sai ya zama kunu. Muka wanke su tas saboda ƙaron nan na bakin mangwaro mai ƙona fata, muka feraye, muka yanka ƙanana. Ɗaya ya fito da ɗan baƙi kusa da ƙwallo. Na kai wuƙa zan yanke wurin, ta riƙe hannuna, ta jefa shi gaba ɗaya a kwandon awaki, ta sa aka tsinko wani.

"Inda idonki ya ga baƙi, ruɓar ta riga ta wuce nan."

Attarugu 16, huɗu ga kowane mangwaro biyar. Ta tsaga su, ta ƙanƙare farin jijiyar ciki na rabinsu, domin a nan zafin ya fi taruwa, ba a 'ya'yan ba kamar yadda muke zato. Ta shafa man gyaɗa a yatsu kafin ta fara, ta ce ruwa ba ya wanke raɗaɗin attarugu, mai ne ke ɗauke shi. Muka jajjaga su a turmi da ɗanyar citta da tafarnuwa da albasa biyu.

Tukunyar samira ta ɗora, ba ta dalma ba, don tsami kan ci dalma ya ɓata launi da ɗanɗano. Khal da sukari suka fara shiga, a kan wuta kaɗan, tana juyawa har sukarin ya narke sarai. Sannan mangwaro, jajjage, gishiri cokali huɗu, da kanumfari 'yan ƙwayoyi. Da ya tafaso ta zare itace biyu ta bar garwashi, ta miƙo min muciya.

Nan aikin yake. Tururin khal yana shiga hanci yana sa tari, attarugu yana sa hawaye, tukunya tana tsartuwa a hannu. Idan ka bar juyawa sukari ya kama gindi ya ƙone, ɗaci ya bi tukunya duka. Ina kallo miyar tana sauka daga inda ta fara, tana barin zobe a jikin samira, zobe bayan zobe. Da ta iso daidai inda na sauke tawa, hannuna ya tsaya da kansa. Goggo ta lura.

"A nan kika sauke ko? Ci gaba. Abin da kike gani yana tafiya ruwa ne, ba naki ba ne, ba kuma na mai saye ba ne."

Mun haura awa ɗaya da rabi. Launi ya tashi daga rawaya ya koma ja-ja kamar zuma, kumfar ta daina sauri ta koma fal, fal, a hankali. Ta ce in ja muciya a gindin tukunya. Na ja, hanya ta buɗe, na hango farin samira, sai da na ƙirga uku kafin ta rufe. Ta ɗiga kaɗan a faranti, ta bari ya huce, ta karkata shi. Bai gudu ba, ruwa bai tsatso a gefensa ba. Sannan ta ɗanɗana, ta matsa lemon tsami biyu, ta sauke.

A murhu na biyu kwalabe da murafensu sun yi minti goma suna tafasa. Muka tsamo su da cokali mai yatsu, muka kife a kan tire mai tsabta, ba mu goge da tsumma ba. Da zafinsu muka zuba miya da zafinta, muka bar ɗan sarari a sama, muka goge baki, muka ɗaure murfi tamau. Da suka huce murafen suka lotsa ciki. Goma ne, babu ko cokali da ya ragu.

Ta ce duk gidan da na kai in faɗa musu abu biyu: busasshen cokali kawai za a sa a ciki, kuma idan an buɗe a ajiye a wuri mai sanyi a cinye cikin 'yan kwanaki. Ta ware kwalba ɗaya ta ce ladana ce. Da safe na kai wa tsohuwar nan.

Gidaje uku ba su sake saye a hannuna ba a wannan shekara, har sai Goggo ta kai da kanta. Sallar kuwa da atamfar bara na yi ta.

Goggo ta rasu, bishiyar tana nan, muciyar tana wurina. A 2024 azumi ya sake zagayowa cikin Maris da Afrilu kamar wancan, na zaunar da 'yata a madafa bayan asham, na ba ta wannan labari tun daga tsintar asuba har gida na goma sha ɗaya, sannan na miƙa mata muciya. Mangwaro ashirin muka yanka, kwalba goma muka fitar.