HAƘURI A LOKACIN ANNOBA: NASIHA GA UWARGIDA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (SWT), tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa. 

Na san ba ki manta da shekarar 2020 ba. A watan Afrilu na shekarar aka kulle Kano saboda cutar korona, azumi ya same mu a cikin gida, babu Juma'a, babu tafsiri a masallaci, Islamiyya a rufe. Wanda ya biya kuɗin kujera bai sauke farali a shekarar ba. Dattawa da malamai suka yi ta rasuwa a jere. Wata an kai mahaifinta ba ta samu ganinsa ba, wata ta yi takabar wata huɗu da kwana goma babu mai shigowa ya ce mata "ya ƙarin haƙuri". Cutar ta lafa, amma har yau akwai mata da ciwon bai warke a zuciyarsu ba. Kuma annoba ba ta yin sallama, ga mashaƙo da ya ɗauke yara da yawa a 2023, ga amai da gudawa da kan leƙo da damina. To yaya mumina za ta riƙe kanta idan irin wannan rana ta dawo?

Da farko ki sani ba a kanki aka fara ba. A Suratul Baƙara, aya ta 155 zuwa 157, Allah ya sanar da mu cewa zai jarrabe mu da tsoro da yunwa da asarar dukiya da rayuka, sannan ya yi bushara ga masu haƙuri. A shekara ta 18 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Umar (RA), annobar Amwas ta afka wa ƙasar Sham, ta tafi da manyan sahabbai irin su Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal. Shi kansa Umar da ya doshi Sham ya ji labari, juyawa ya yi, Abdurrahman ɗan Aufu kuma ya shaida masa cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba take, ya hana fita daga cikinsa. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa wanda ya zauna a garinsa yana haƙuri yana neman lada, yana da irin ladan shahidi. Ashe zaman gidan nan da ya ishe ki, idan kin gyara niyya, ibada ne.

Na biyu, kuka ba rashin tawakkali ba ne. Mu mata mun saba ce wa juna "haba, daina kuka mana, sai ka ce ba Musulma ba". Wannan kuskure ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, amma ga Allah ya kai kukansa. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufa da faɗin maganar da za ta fusata Ubangiji. Ki tuna Ummu Salama (RA). Da mijinta ya rasu ta yi salallami, ta roƙi Allah ya ba ta lada ya musanya mata da mafi alheri, tana ganin ina za a samu kamar Abu Salama. Sai ga shi Manzon Allah (SAW) ya aure ta.

Na uku, ki kula da cikin gidanki. Lokacin kulle maigida yana zaune ba kasuwa, yara sun cika tsakar gida da hayaniya, kwanon shinkafa sai raguwa yake. A nan Shaiɗan yake samun ƙofa, ƙaramar magana ta zama yaji ko saki. Idan kin ga ransa a ɓace, ki saurara masa har ya huce, don shi ma nauyi ne ya danne shi. Idan naki ran ne ya ɓaci, ki nemi tsari, ki yi alwala, ki sauya wuri. Ki tsara wa yara lokacin tilawa da na aiki da na wasa. Ki rage bibiyar saƙonnin WhatsApp masu tayar da hankali, kuma kada ki tura wa wata labarin da ba ki tabbatar ba.

Na huɗu, rufe ƙofa bai yanke zumunta ba. Ki kira mahaifiyarki, ki kira surukarki, ki gaishe da abokiyar zamanki ko da akwai 'yar tsama. Maƙwabciyar da take takaba, ki aika mata da kwanon tuwo, ki riƙa kiranta bayan kwana uku, domin bayan an watse ne kaɗaici yake soma cin mutum.

Na ƙarshe, 'yar'uwa, idan damuwa ta wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, abin da kike so a da ya fita ranki, ko kina jin gara ki mutu, to kada ki yi shiru. Ba komai ne sihiri ko aljanu ba. Ciwon damuwa ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana da magani. Ki gaya wa maigida ko wata aminiya ta raka ki asibiti. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, don haka ki haɗa da addu'a da azkar na safe da yamma, kada ki bar ɗaya.

Ga aikin da zan bar miki: ki tuno mace ɗaya da ta yi rashi kika daɗe ba ki ji muryarta ba, ki neme ta kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sanyaya zukatan waɗanda suka bari, ya kare mu daga annoba ta fili da ta ɓoye. Amin. Wassalamu alaikum.