Ido Ba Mudu Ba, Ya San Ƙima

Masu iya magana da suka ce ido ba mudu ba, ya san ƙima, sun yabi ido, sun kuma nuna masa iyakarsa a lokaci guda. Wanda ya daɗe yana awon gero zai kalli buhu ya ce tiya kaza ce a ciki, in an auna a tarar bai kauce da yawa ba. Amma wannan sanin bai faɗo masa daga sama ba. Shekaru idon ya yi yana bin hannu a bakin mudu, har ya koyi abin da hannu ya sani. Duk inda aka raba su, ƙimar ido takan yi rauni, kuma ban ga inda aka raba su kamar a cinikin tufafi ta waya ba.

A shiga Kantin Kwari a Kano a ga yadda dattijuwa ke sayen atamfa. Ba za ta ce uffan kan kuɗi ba sai ta sa an warware turmin. Ta murza gefensa tsakanin yatsu ta ji ko sitaci ne ya ba shi ƙarfi. Ta juya bayansa, domin atamfar kakin gaske zanenta ya ratsa gaba da baya, ta bogi kuwa fuska ɗaya take da ita. Ta karanta sunan kamfani a bakin zanen, ta ɗauke shi ta fita ƙofar shago inda rana take, sannan ta waiwayo ta ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ba ya zuba?" Shi kuma ya ce, "Hajiya, in ya zuba ki dawo mini da shi." A wannan ciniki ido ya yi aikinsa, hannu ya yi nasa, har rana ta ba da shaida.

A WhatsApp da Instagram ido kaɗai ake gayyata, kuma abin da ya fi so ake ajiye masa, wato haɗin launi. Mai sayarwa ta shimfiɗa atamfa ruwan hanta mai ratsin ruwan zuma, ta ɗora mayafi ruwan zuma a gefe, ga jaka da takalmi sun dace. Ko leshi ruwan toka da ɗankwali ruwan hoda, ko shadda sararin samaniya da hular da ta ɗauko launinta. Ni ba na ganin laifin wanda zuciyarsa ta motsa. Bahaushe ya daɗe da son launi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, shaida ce cewa kakanninmu sun san bambancin shuɗi da shuɗi, tun daga mai haske har wanda ya nuna ya koma kamar baƙi. Iya haɗa kala baiwa ce, kuma mai ita ta cancanci yabo.

Sai dai launin da ke fuskar waya haske ne, ja da kore da shuɗi da gilashin ke cakuɗawa ya watso cikin ido. Launin zane kuwa rini ne a jikin zare, yana jiran hasken da zai sauka a kansa. Shi ya sa ruwan goron da ya ɗauki hankali da daddare yakan iso daga tasha a matsayin ruwan ƙasa. Fitilar da aka ɗauki hoton a ƙarƙashinta ta ƙara nata, wayar mai sayarwa ta gyara, ta mai saye ma ta sake gyarawa. Hoto ba ya nuna nauyi, ba ya nuna santsi. Zanen Vlisco da ake bugawa a Holan da kwaikwayonsa mai araha suna iya fitowa iri ɗaya sak a hoto, haka shaddar Getzner ta Ostiriya da wadda aka yi don ta yi kama da ita. Sai an kai wa tela, ko an yi wankin farko, kowane ya nuna asalinsa.

Sannan ga gaggawa. "Saura turmi biyu, Hajiya." Kafin a yi shawara an tura kuɗi, an shiga cinikin biri a sama. Abin ya fi ciwo in anko ne ko kayan lefe, inda kuskure ɗaya ke shafar dangi guda, ranar biki kuma ba ta jira.

Da yawa daga masu wannan sana'a mata ne da ke neman halalinsu daga ɗakunansu, kuma masu amana a cikinsu ba sa jin haushin tambaya. Irinsu za ki ce su ɗauko miki bidiyon zanen a tsakar gida da rana, su juya bayansa, su nuna bakinsa, su faɗi yadi nawa ne, su kuma yarda a mayar in abin da ya iso ya saɓa da hoton. In kuɗin masu yawa ne, a tura ƙane ko 'yar'uwa ta je ta taɓa da hannunta kafin a biya.