Iyakar Sunsuna a Shari'a da Halin Unguwar Kilomita Biyar

Sunsuna aikin hanci ne, amma a bakin jama'a ya daɗe da wuce hanci. Turanci yana da kalma guda, sniffer, wadda ta tattara masu wannan aiki: karen da aka horar ya gano ƙwaya ko nakiya a cikin kaya, manhajar da ke tsintar saƙonni yayin da suke wucewa a layin intanet, da yaron da ke shaƙar sholisho. Faransanci, harshen ofis da makaranta a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya ari kalmar da ma'ana ta ƙarshe, wato shaƙar kayan maye. Bahaushe kuma ya san wani na huɗu, mai bin diddigi, wanda ke sunsuno abin da ake ciki a gidan da ba nasa ba.

Biyu daga cikin waɗannan hukuncinsu ba ya jan dogon zance. Shaƙar sholisho ko fetur gusar da hankali ne, malamai kuwa ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba. Yaran titin Bangui da ake kira godobe da takwarorinsu na tashoshin Kano abin da suke buƙata shi ne abinci, makwanci da wanda zai kula da su. Shi ma kare bai zama matsala ba a mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa ke bi, domin ba ta ɗauke shi najasa ba, kuma Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo. Karen hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da ke duba jakunkuna a filin jirgin sama ɗan'uwan karen farauta ne a wannan babi.

Inda magana take da nauyi shi ne sunsuna sirrin mutum. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta jera abubuwa uku da ta hana, yawan zato, bin diddigin asirin mutane, da giba, kuma jerin yana bin yadda cutar ke tafiya: zato ne ke tura mutum bincike, abin da ya binciko kuma shi yake kaiwa majalisa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo zancen har kan hanci a littafin Ihya. A babin umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna, ya sharɗanta cewa laifin ya kasance a fili, ya kuma hana mai hisba kasa kunne a katangar wani, ko jan numfashi da niyyar gano warin giya, ko tambayar maƙwabta abin da ke faruwa a cikin gida.

Sai dai akwai wani ɓangare da ke neman karo da wannan. Imamu Malik yana ganin warin giya a bakin mutum hujja ce ta tsayar da haddi idan adalai biyu suka shaida, kuma Muwaɗɗa ta kawo cewa Sayyidina Umar ya ji warin abin sha a jikin wani mutum, ya bincika irin abin da ya sha, sannan ya yi masa bulala. Abu Hanifa da Shafi'i ba su yarda wari kaɗai ya wadatar ba, domin mutum yana iya sha bisa kuskure ko tilas, kuma wani abin ci yana iya yin kama da giya a hanci. Idan aka lura, saɓanin nasu a kan ƙarfin hujja ne. Warin da ya iso hancin alƙali a bainar jama'a daban yake da wanda aka bi mutum har ɗaka aka nemo shi. Wannan bambanci, tsakanin abin da ya zo da kansa da abin da aka tono, shi ne ƙashin bayan mas'alar.

Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya buɗe ƙofa guda a Ahkamus Sulɗaniyya: idan amintacce ya kawo labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar wanda ya keɓe da wani don ya kashe shi, to bincike ya halatta. Ƙofar ƙarama ce, kuma an rataya ta a kan ceton rai da mutunci.

Unguwar Kilomita Biyar, wadda aka fi sani da PK5, ta ga yadda ƙaramar ƙofa ke iya zama babbar hanya. Tana gunduma ta uku a Bangui, ita ce cibiyar kasuwancin birnin, kuma nan Hausawa, Fulani, Barebari da Larabawan Cadi suka yi kaka-gida a kewayen babban masallaci. Bayan 'yan tawayen Seleka sun kama birnin a Maris 2013, abokan gabarsu 'yan anti-balaka kuma suka kawo hari ranar 5 ga Disamba na wannan shekara, unguwar ta zama mafakar Musulmin da suka rage, a kewaye, fita daga cikinta kasada ce ta rai. Ko maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boeing ba ta kaiwuwa sai bayan yarjejeniyar da unguwannin biyu suka ƙulla a 2016. A irin wannan hali sharaɗin Mawardi ya cika ba tantama: wanda ya tsaya a bakin layi yana duba mai shigowa da makami yana kare rayuka ne.

Amma ƙungiyoyin kare kai da aka kafa don wannan aiki ba su tsaya nan ba. Idon da aka sa wa maƙiyi ya juyo kan 'yan gida: wane ɗan kasuwa ne kayansa suka iso, nawa ne cinikin shagonsa, da wa yake magana a wajen unguwa. Sanin ya koma haraji na dole. Samamen da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya na MINUSCA suka kai a Afrilu 2018, wanda aka raɗa wa suna Sukula, bai kawar da su ba, sai a ƙarshen Disamba 2019 'yan kasuwa da kansu suka ƙi biya suka ɗauki makamai, aka yi asarar rayuka da dama, shaguna suka ƙone. Abin takaici ne ƙwarai cewa mutanen da suka tsira daga harin waje sai da suka zubar da jini kafin su kuɓuta daga masu gadinsu. Larurar da ta halatta binciken tana da iyaka a lokaci da kuma a abin da ake nema, kuma babu wanda ke sama da masu binciken da zai ce musu larurar ta ƙare.

Manhajar kwamfuta ta dawo da tambayar a sabuwar siga. Wireshark, wadda ta fara fita a 1998 da sunan Ethereal, injiniyoyi ke amfani da ita don gano inda layi ya toshe, kuma da ita ɗin wani zai iya karanta saƙon da ba a kulle ba na mutumin da suke kan Wi-Fi ɗaya. Mai shagon intanet da ya duba layinsa don gyara yana cikin haƙƙinsa. Idan ya buɗe wasiƙar abokin ciniki, ya shiga abin da Gazali ya hana mai hisba, ko da bai motsa daga kujerarsa ba, domin sharuɗɗan ba su canja da canjin kayan aiki ba: izinin mai sirrin, ko tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa bisa labarin amintacce, sannan tsayawa a kan abin da aka shiga nema.